Kafur a Adakar Inna

Lokacin da cikina yake wata bakwai, sau uku na yi hanyar Parakou zuwa Djougou a cikin wata guda. Magana ɗaya nake ɗauka a bakina, kuma sau biyu na komo da ita ban faɗa ba. Direbobin tasha har sun gane ni. Ɗaya daga cikinsu yakan ba ni gidan gaba, yana tsokanata wai in dai haihuwar nan a motarsa nake son yi, in faɗa masa tun da wuri ya nemo ragon suna. Ni kuwa ko murmushi ba na iyawa. Ina zaune ne kawai, ƙafafuna sun kumbura, ina maimaita yadda zan fara maganar, in rushe, in sake ginawa.

Maganar ita ce, hoton ciki ya nuna namiji zan haifa, kuma haihuwar fari a gidanmu gaban uwa ake yin ta. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai kayan jarirai na gidanmu: 'yan riguna, huluna, da wani bargo na saƙi da kakata ta bari. Duk jaririn da aka haifa ta wajenmu, waɗannan kayan ake fara sa masa, tun daga ranar haihuwa har ranar suna. Inna kuwa atamfa take sayarwa a kasuwar Djougou tun kafin a haife ni, kuma abin alfaharinta a duniya shi ne asu bai taɓa huda mata zane ba, kyankyaso bai taɓa kwana a kayanta ba. Sirrin kafur ne, waɗannan fararen ƙwallayen masu ƙamshi mai hawa kai. Tana zuba su a kowane ninki. Ɗakinta ƙamshinsu yake, jikinta ma haka. Ni a wajena, ƙamshin kafur shi ne ƙamshin gida.

Mu biyar Inna ta haifa. Mata uku muna raye, ni ce auta. Maza biyu, na fari da wanda nake bi, ba su kai suna ba. Abin da aka gaya mana shi ne a kwana na uku ko na huɗu idanunsu suka yi rawaya, jiki ya bi, suka daina kama nono, shi ke nan. Shawara ce, in ji manya, kuma kwana ya ƙare. Inna ba ta taɓa ba mu labarinsu da bakinta ba. Ni kuma na yi shekaru da wani zargi a raina, cewa kayan adakar nan ne suka tafi da su. Yanzu ga ni ɗauke da namiji, adaka tana jiran sa.

Zargin nan a aji na samo shi, ina shekara ta uku a jami'a ina karatun ilimin halittu. Muna da wani malami, dattijo mai ƙaramar murya, wanda yake koyar da gadon halitta da rana tsaka, lokacin da kowa yake jin barci. Ni ba na barci a aji, amma ba na iya zama wuri ɗaya, kullum ƙafata tana kaɗawa har maƙwabciyata ta dafe mini gwiwa. Ranar nan ya raba mana takardu da Faransanci a kan wani tsohon aikin masu bincike. Ya ce a cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wasu zaruruwa arba'in da shida da ake kira kuromozom, su ne ke ɗauke da abin da muka gada daga iyaye. Tambayar ita ce, yaya za a san wane zare ne yake ɗauke da wane gado, alhali ba a rubuta a jikinsu ba?

Dabarar da aka yi ta ba ni dariya da farko. Ana ɗauko ƙwayar halittar mutum da ta ɓera, a haɗe su a kwalba su zama ɗaya, a bar ta tana hayayyafa. To zaman ba ya yi wa ɓangaren mutum daɗi. Da kaɗan-kaɗan zaruruwan mutum suna zubewa, na ɓera suna nan daram. A wannan kwalbar uku suka rage, a waccan biyar, a wata guda ɗaya tal. Sai a bi kwalba-kwalba ana duba wani sinadari da jiki ke yi domin aikinsa, wanda ake kira anzim. Na mutum da na ɓera ana iya bambanta su. Duk kwalbar da ke da anzim ɗin mutum, a duba wane zare ne ya rage a cikinta. Duk wadda ba ta da shi, a duba wanne ya tafi. Zaren da kullum suke zama tare da anzim ɗin, su kuma ɓace tare, to a kansa gadon yake. Malamin ya ce aikin haƙuri ne kawai da lura da abin da ya tafi tare da wani abu.

Daga nan ya kawo misali. Ya ce akwai wani anzim da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma da wannan dabara aka ƙara tabbatar da cewa gadonsa yana kan zaren da ake kira X. Mace tana da X biyu, in ɗaya ya gaza, galibi ɗayan yana rufa masa asiri. Namiji guda ɗaya gare shi, kuma daga uwarsa yake samun sa. Ya ce a ƙasashenmu maza da yawa suna da ƙarancin anzim ɗin nan, suna rayuwarsu lafiya lau, sai ranar da suka haɗu da abin da jininsu ba ya so, kamar wasu magungunan zazzaɓi. Yana tattara takardunsa ya ƙara da cewa har kafur ɗin da iyayenmu mata ke zubawa a kayan jarirai yana iya fasa jinin jariri, ya sa masa shawara mai tsanani.

Ƙafata ta daina kaɗawa. Na juya bayan takardar na fara zana gidanmu. Ga Inna, ga mazan nan biyu. Ga kawuna, ƙanin Inna, wanda aka taɓa ba wa maganin zazzaɓi fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi mai kauri, aka kwashe shi zuwa asibiti har da ƙarin jini. Duk ta wajen uwa suke. Na daɗe ina kallon zanen, sannan na ninke takardar na cusa a jaka. Na gama karatu, na zama malamar sakandare, na yi aure a unguwar Banikanni ta Parakou, na koya wa yara darasin kwalaben nan ba sau ɗaya ba. Takardar dai ban sake buɗe ta ba sai da aka ce mini namiji ne.

Na je aka gwada jinina. Sakamakon ya fito tsaka-tsaki, bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Likitar ta ce a jikin mata haka yakan yi, kada in dogara da shi. Ta ce in ɗauka yaron yana da abin har sai an gwada shi, kuma kada kafur ya kusance shi, ko a tufa ko a ɗaki. Na tambaye ta ko wanki zai fitar. Ta ce abin ba ya narkewa a ruwa yadda nake zato, kayan da suka shekara talatin a cikinsa ba ta ba ni shawarar in gwada ba.

Zuwana na farko dabara na yi. Na shiga kasuwa na sayi kayan jarirai sababbi fil, jaka guda, na wanke na goge, na kai wa Inna. Na ce kayan zamani ne, masu laushi, su nake so a fara sa masa. Ta ɗaga riga ɗaya ta murza da yatsu biyu, yadda take yi wa yadi in tana son raina shi. Ta ce ba laifi, roba ce ta fi yawa, amma za a sa masa bayan suna. Na buɗe baki zan yi maganar kafur, sai ta jawo adakar ta buɗe don ta nuna mini bargon kakata. Yadda take shafa shi ya sa bakina ya yi nauyi. Na ci tuwo, na kwana, na koma Parakou ina jin haushin kaina.

Bayan kwana goma na sake komawa, wai na zo ganin kayan. Inna ta yi murna, ta ce in kwantar da hankalina, ta adana mini su yadda ya kamata. Ta jawo adakar. Ga kayana sababbi a ciki, an ninke su tsaf tsakanin tsofaffin, kowane ninki da ƙwallon kafur biyu. Ta ce damina ce, kyankyasai sun yi yawa, ba za ta bar kayan jikanta a jakar leda ba. Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana suna zafi, amma wa zan yi wa faɗa? Da ta fita kasuwa na durƙusa da ƙaton cikina na tsince ƙwallayen nan kaf, na zuba a masai. Da la'asar ta dawo, ta shiga ɗaki, ta ja hanci sau ɗaya. Ta ce kafur ɗin yanzu ba shi da auki, kwana kaɗan sai ya bi iska. Ta kwance bakin zanenta ta fito da sabon ƙulli.

Da na koma gida na sauke fushin a kan maigidana, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi mutum ne mai gyaran motoci, yana son matsala mai kusoshi da za a kwance a ɗaure. Ya ce abin mai sauƙi ne, in haihu a Parakou, a ce likita ce ta hana tafiya. Na ce masa Inna za ta hau mota da adakarta a ka ta zo, ai ya san surukarsa. Ya ce to in gaya mata gaskiya. Na ce wace gaskiyar? In dubi matar da ta binne 'ya'ya biyu in ce mata abin da take taƙama da shi ne ya kashe su? Sai ya ce shi dai ɗansa ba zai sa kayan nan ba, ko da za a yi shekara ba a gaisa da Djougou ba. Na san yana da gaskiya, shi ya sa na ƙara jin haushinsa.

Makon nan ban zauna ba. A aji ina rubutu a allo sai in manta abin da nake rubutawa. In na dawo gida in share tsakar gida, in sake sharewa. Na hau babur ɗin haya zuwa tasha sau biyu, na tsaya ina kallon motocin Djougou suna cika, na juyo. Tsoro biyu ne suke ja na. Ina tsoron ɗana ya yi rawaya a hannuna, ina kuma tsoron fuskar Inna.

Zuwa na uku ranar Juma'a ne da hantsi, an yi ruwa da safe. Na same ta a tsakar gida tana ninke atamfofi a kan tabarma. Na shirya rabin gaskiya, ita kaɗai zan faɗa. Na ce likita ta gwada ni, ta ce akwai wani rauni a jinin mazan danginmu, irin wanda ya kwantar da kawu, kuma kafur yana tayar da shi. Don haka yaron ba zai sa kayan adaka ba, ba zai kuma kwana a ɗakin da kafur yake ba.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce ɗan yayata ai ya sa kayan nan, ga shi can yana karatun boko a lakkol, ya fi kowa ƙiriniya. Na ce ba kowane namiji yake gada ba, wani ya samu, wani ya tsallake. Ta ce mu uku fa, duk a bargon nan aka naɗe mu. Na ce mata suna da kariya, maza ne abin ya fi kamawa. Ta tambaya ta ina ake gadon. Da na yi ƙarya a nan, da ta wuce. Amma malanta ta motsa mini, na ce ta wajen uwa. Har na soma ba ta labarin kwalabe da ɓera, yadda ake duba abin da ya zauna da abin da ya tafi. Ina cikin bayani na ga hannunta ya tsaya a kan yadin.

Na manta da wa nake magana. Matar nan ba ta shiga aji ba, amma in an kawo mata dila ɗaya ta yadi, kallo ɗaya take yi ta san wanne aka zare. Na ga leɓunanta suna motsi, tana lanƙwasa yatsu. Uku ta bari a miƙe, biyu ta lanƙwashe. Aikin da ya ɗauke ni darasi guda da bayan takarda, ita ta gama shi kafin ruwan da ke ɗiga daga kwanon rufi ya cika bokiti.

"Auta," ta ce, "yayyenki maza fa?"

Na ce ba wanda zai iya sani yanzu. Ba a gwada su ba, kuma shawarar jarirai tana da dalilai da yawa. Wannan gaskiya ne, har gobe a kansa nake.

"Ba abin da lokotoro zai iya sani na tambaye ki ba. Ke mi kika gani?"

Na kasa kallonta. Na ce, "Inna, ina jin tsoron haka ne."

Sannan ta ce, a hankali, kamar da yadin take magana, yaron na biyu, da ta ga ya fara rawaya, ta zaci sanyi ne ya kama shi. Sai ta ƙara ciro wani bargo daga adakar ta lulluɓe shi da shi har ka. Wannan shi ne karo na farko da na ji ta yi maganarsa. Na matsa zan riƙe hannunta, ta janye, ta ce in tashi in ci abinci, mai ciki ba ta zama da yunwa. Ranar na yi da-na-sanin karatun da na yi, na kuma tsani bakina.

Washegari da safe na fito na tarar ta fitar da komai na ɗakinta. Katifa, labule, atamfofin sayarwa, duk suna shanye a rana. Ta wanke ɗakin da kanta, ta hana kowa taya ta. Ta ce in koma Parakou, kada in dawo sai ta aiko. Mako uku ɗakin yana buɗe yana shan iska, duk da haka ta ce ba a nan za mu sauka ba, ta gyara mana ɗakin da ke kusa da zaure, wanda ba a taɓa ajiye yadi a ciki ba. Ta sa yayata ta sayo wasu kayan jarirai, ta rataye su a igiya a fili, ba ta yarda sun shiga akwati ba.

Na haihu a asibitin haihuwa a Djougou. Aka ɗebi jinin yaron aka aika gwaji, sakamako ya dawo yana da ƙarancin anzim ɗin. A kwana na uku idanunsa suka ɗan yi rawaya, aka sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila kwana biyu. Inna tana bakin ƙofa a zaune, ba ta je kasuwa ba, ba ta kuma yarda ta ɗauke shi ba sai da ta yi wanka ta sa wani tsohon zane da ta aro wajen maƙwabciya. Rawayar ta sauka, ya kama nono da ƙarfi, aka sallame mu.

Ranar suna gida ya cika da mata, dangi da abokan kasuwarta. Aka fito da yaro cikin 'yar rigar kanti. Wata gwaggona, wadda ba abin da ke wuce idonta, ta tambaya da ƙarfi ina rigar gidan, ina bargon tsohuwa. In aka faɗi dalili, kafin la'asar duk unguwa ta san ta wajen wa abin ya biyo, an kuma tono maganar yara biyu da suka shekara talatin da wani abu a ƙasa. Na buɗe baki, sai Inna ta riga ni.

"Asu ya cinye su," ta ce. "Sakacina ne."

Mata suka yi ta salati, wasu suna dariya, wai yau asu ya ci gidan mai atamfa. Har yanzu in tsokana ta tashi a layinsu na kasuwa sai an tuna mata. Ba ta taɓa musawa ba.

Yaron yanzu yana aji biyu a firamare. Akwai takarda a jakarsa mai jerin magungunan da ba a ba shi, ya kuma san in ya ji ƙamshin kafur ya bar wurin. Ɗakin Inna ba ya ƙamshin komai, in na shiga sai in ji kamar gidan wasu na zo. Yadinta na sayarwa kullum sai ta fitar ta kakkaɓe ta shanya, aikin da da ba ta san shi ba, ga gwiwa tana damun ta.

Bara da na je, tana sallah, na jawo adakar ina neman wata tsohuwar takardar haihuwata. Babu bargo, babu huluna, ban san inda ta kai su ba. 'Yan riguna biyu kawai suka rage a ƙasa, a ninke, ba ƙwallo ko ɗaya a tare da su. Asu ya huda su ta ko'ina, ɗayar ma hannunta ya kusa rabuwa. Ta sallame ta gan ni riƙe da su. Na ce ko in samo mata leda mai zif in sa su, kada su ƙarasa lalacewa. Ta karɓa daga hannuna, ta mayar da ninkin yadda yake, ta ce in bar su haka, su sha iska.